Tyler Mitchell: Matashin da yake ɗaukar baƙar fata hoto suna hutawa

 Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau Amurka za mu leƙa, wajen wani matashi mai ɗaukar hoto da ake kira Tyler Mitchell. Na san da yawanku ba ku taɓa jin sunan ba. Abin da ya sa na ɗauko shi tambaya ce guda ɗaya. Yawancin hotunansa, in ka duba, samari ne da 'yan mata baƙar fata suna kwance a kan ciyawa, ko suna wanka a rafi, ko suna tashin jirgin leda, ko suna shan askirim. Shi ke nan fa. To me ya sa manyan gidajen baje kolin hotuna a Amsterdam da New York da Landan da Berlin suke rataye hoton mutum yana hutawa, har a yi ta rubuce-rubuce a kai? Me ke cikin hutu da ya zama abin magana? Ku biyo ni, za mu warware ta a hankali.

Bari mu fara da shi kansa. An haifi Tyler Mitchell a shekarar 1995 a birnin Atlanta da ke jihar Jojiya, a kudancin Amurka, ya tashi a wani gari da ke gefen birnin mai suna Marietta. Hanyar da ya bi ya shigo harkar hoto ba ta da wani girma. Yana sakandare ya shiga cikin samarin nan masu hawa ɗan katako mai tayoyi suna sulu a kan titi. Sai ya sayi kyamara don ya riƙa ɗaukar abokansa bidiyo, ya koyi haɗa bidiyon da kansa ta hanyar kallon YouTube. Daga nan ya tafi Jami'ar New York ya karanci fim da talabijin, ya gama a 2017. Yana ɗalibi, a 2015, ya je Havana babban birnin Kuba ya yi makonni yana ɗaukar samarin can masu irin wannan wasa, ya dawo ya buga ɗan littafin hotuna da kansa mai suna El Paquete.

A shekarun da yake tasowa, shafin Tumblr ne matattarar matasa masu son hoto. Ya sha faɗa a hirarraki cewa a can ya riƙa ganin aikin masu ɗaukar hoto irin su Ryan McGinley da Larry Clark, inda za ka ga matasa suna holewa, suna gudu a fili, ba abin da ya dame su. Hotunan sun burge shi, amma sai ya lura kusan duk fararen fata ne. Irin wannan sakewar, da wuya ya gan ta a hoton wani mai kama da shi. Wannan giɓin shi ne ya zama aikinsa.

Sai shekarar 2018 ta zo. Akwai mujallar ado da kwalliya ta Amurka mai suna Vogue, wadda aka kafa tun 1892. Fitowarta ta watan Satumba ita ce mafi girma a shekara, kuma a wannan shekarar mawaƙiya Beyoncé ce a bangon mujallar. Wanda ya ɗauki hoton shi ne Tyler Mitchell, yana da shekara 23. Ku riƙe wannan lissafin: cikin shekara 126 da mujallar ta yi tana fitowa, shi ne baƙar fata na farko da ya ɗauki hoton bangonta. Ita mace baƙar fata ta farko da ta fito a bangon, Beverly Johnson, tun 1974 ta fito. Wato sai da aka ƙara shekara 44 kafin a yarda baƙar fata ya tsaya ta bayan kyamarar. A tsaya a gabanta a kalle ka, an yarda. Ka riƙe ta ka zama mai kallon, wannan ya ɗauki lokaci.

Kuma yadda ya ɗauke ta ma abin lura ne. A karkarar Ingila aka yi aikin, a waje, da hasken rana, ga furanni a kanta, ga zannuwa a shanye a bayanta. A 2019 gidan adana hotunan fitattun mutane na ƙasa da ke Washington ya karɓi ɗaya daga cikin hotunan ya sa a cikin taskarsa.

To yanzu mu dawo kan tambayarmu. Don a gane me ya sa hutu ya zama magana, sai an san abin da kyamara ta yi wa baƙar fata a Amurka tun farkonta.

A 1850, wani malamin Jami'ar Harvard mai suna Louis Agassiz ya sa aka ɗauki wasu bayi hoto a jihar Karolina ta Kudu, an tuɓe musu tufafi, ana ɗaukar su ta gaba da ta gefe kamar ana gwada dabba. Manufarsa ya kafa hujjar cewa baƙar fata da farar fata ba asalinsu ɗaya ba. Bayan an soke bauta kuma, a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, lokacin da gungun fararen fata ke rataye baƙar fata a bainar jama'a, masu hoto kan ɗauki gawar da taron mutanen da ke tsaye, a buga a kati, a sayar, mutum ya aika wa danginsa ta gidan waya. Wallahi haka aka yi.

Su ma baƙar fatar ba su zauna sun zuba ido ba. Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta ya zama babban mai yaƙi da ita, ya zauna gaban kyamara har aka samu hotunansa kusan 160, ya fi kowane Ba'amurke na ƙarni na 19 yawan hoto. Kullum cikin kwat, fuska a ɗaure, don kada a samu kafar yi masa kallon bawan nan mai washe baki da ake zanawa a jaridu. A 1900 kuma W.E.B. Du Bois, lokacin yana koyarwa a Jami'ar Atlanta, ya kai ɗaruruwan hotunan baƙar fata babban baje kolin duniya na Paris, da yawansu mutanen jihar Jojiya: ɗalibai, 'yan kasuwa, iyalai cikin shiga ta mutunci. Kun ga jihar da Mitchell ya fito ke nan. Sai Gordon Parks, wanda ya yi wa Vogue ɗin nan hotunan tufafi a shekarun 1940, ya kuma zama baƙar fata na farko da mujallar Life ta ɗauka aikin hoto. A 2020 gidauniyar da ke ɗauke da sunan Parks ta zaɓi Mitchell cikin waɗanda take tallafa wa.

Akwai kuma matsalar da ke cikin kayan aikin kansu, kuma wannan zai ba ku mamaki. Lokacin da ake amfani da fim a wanke hoto, kamfanin Kodak kan raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira katin Shirley. Hoton wata Baturiya ne a jiki, da shi ake daidaita launin injin. In fatarta ta fito daidai, to an ce inji ya daidaita. Sakamakon haka, in aka ɗauki baƙar fata, musamman tare da farar fata a hoto guda, sai fuskarsa ta dushe, ka ga idanu da haƙora kawai. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta rubuta cewa cikin abubuwan da suka sa aka gyara fim ɗin har da ƙorafin masu sayar da cakulan da masu kayan katako, saboda launin hajarsu ba ya fita a hoton talla. Sai a tsakiyar shekarun 1990, wajajen lokacin da aka haifi Mitchell, aka fitar da katin da ke ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Don haka in kuka ga yadda fatar mutanensa ke sheƙi a cikin hasken yamma, kowane launi ya fita da kyau, ku sani akwai tarihi a bayan wannan.

Yauwa. Wannan ɓangaren kyamara ke nan. Saura ɓangaren hutun.

A Amurka, wurin shaƙatawa yana cikin wuraren da aka fi zubar da jini a kan launin fata. A watan Yulin 1919 a Chicago, wani yaro ɗan shekara 17, Eugene Williams, yana wanka a tafkin Michigan sai ruwa ya ja shi ɓangaren da fararen fata suka ɗauka nasu ne. Aka jefe shi da duwatsu, ya nutse. Rikicin da ya biyo baya ya ci rai 38. A watan Yunin 1964 a garin St. Augustine na jihar Florida, masu zanga-zanga baƙi da farare suka shiga wurin ninkaya na wani otal tare, manajan otal ɗin ya ɗauko ruwan asid ya riƙa zubawa a ciki suna cikin ruwan. Kada ku ce tsohon labari ne. A 2012 an harbe Trayvon Martin, ɗan shekara 17, yana dawowa daga shago da alewa da lemo. A watan Nuwamban 2014 ɗan sanda ya harbe Tamir Rice, ɗan shekara 12, a wani filin wasa a Cleveland, yana riƙe da bindigar wasa, cikin kamar daƙiƙa biyu da isowar motar 'yan sandan.

Da wannan a zuciya, ku sake kallon hoton yaro baƙar fata kwance a ciyawa, ya rufe ido, ba ya tsaron bayansa. Kun ga hoton ya canza, ko?

Baje kolinsa na farko shi kaɗai an yi shi a 2019 a gidan hotuna na Foam da ke Amsterdam, aka kawo shi New York a farkon 2020. Sunansa I Can Make You Feel Good, ma'ana zan iya sa ka ji daɗi. Akwai abubuwa uku a ciki da nake so in bayyana muku, tunda ba gani kuke yi ba.

Na farko bidiyo ne da aka haska a rufin ɗaki. Sai mai kallo ya kwanta a ƙasa, a kan ciyawar roba da aka zagaye da ɗan farin shingen katako irin na gidajen masu rufin asiri a Amurka, sannan ya iya kallo. A sama samari ne suna wasa, suna juya zoben roba a ƙugu, suna ninkaya. Kafin ka kalli masu hutun, sai da ya sa kai ma ka kwanta.

Na biyu wani bidiyon ne, matasa kwance a kan jan mayafin shimfiɗa irin na masu fita shan iska. Hoton shiru, gwanin sha'awa. Amma muryoyin da ke tashi a bayansa na mutane ne da ya nema ta kafafen sada zumunta su turo masa labarin ranar da aka tuna musu cewa su baƙar fata ne. Ido na ganin natsuwa, kunne na jin ciwo. Kuma in ka daɗe kana kallon jikunan nan a kwance ba motsi, a ƙasar da aka saba ganin gawar baƙar fata a kan titi a labarai, zuciyarka sai ta ɗan tsinke. A wasu hotunan nasa ma za ka ga bindigar roba a hannun saurayi, kuma Ba'amurken da ya san labarin Tamir Rice ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Na uku hotuna ne da aka buga a jikin yadi da zanin gado da rigar filo, aka shanya su a igiya kamar wanki. Ni a nawa karatun, wannan igiyar shanyar tana da nauyi ga ɗan Atlanta. Bayan bauta, wanki shi ne sana'ar dubban mata baƙar fata a kudancin Amurka. A 1881 mata masu wanki a Atlanta suka shiga yajin aiki suna neman ƙarin kuɗi, suka fara su kaɗan, cikin makonni uku suka kai kusan 3,000. Igiyar da kakanni suka shanya kayan wasu a kai, ita ce jika ya shanya fuskokin 'yan uwansa.

Ga kuma wani abu mai sosa rai. Hotunan nan suna rataye a New York a watan Fabrairun 2020 lokacin da aka bi Ahmaud Arbery da mota aka harbe shi yana gudun motsa jiki a wata unguwa kusa da Brunswick, a jihar Jojiya. Shekararsa 25, kusan sa'an Mitchell, ɗan jiharsu.

To a nan ne masu suka suke shigowa, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Wasu na cewa, ana kashe mutane kai kana ɗaukar furanni da kaya masu launin alewa? Wasu na cewa ai wannan kyan sayar da tufafi yake yi, tunda Mitchell yana yi wa manyan kamfanoni irin su Marc Jacobs da Calvin Klein hotunan talla. Kamfani zai so hoton baƙar fata mai sanyaya zuciya, don ba ya tayar wa mai saye da hankali, ba ya kuma neman a canza komai. Ya kuma sha suka ta wata fuskar a farkon 2021, lokacin da ya ɗauki Kamala Harris hoton bangon Vogue tana dab da zama mataimakiyar shugaban ƙasa. An nuna ta da takalmin Converse a gaban labule mai launin hoda da kore, launukan ƙungiyarta ta jami'a. Mutane da yawa suka ce hoton ya yi sakaka, bai ba ta girman muƙaminta ba, har da masu cewa hasken ya kwashe mata launin fata. Daga baya mujallar ta buga wasu kwafi da ɗaya hoton, wanda take cikin shuɗin kwat, shi ma Mitchell ne ya ɗauka. Abin da wannan rigimar ta nuna mini shi ne, har yau akwai masu jin cewa baƙar fata sai ya ɗaure kamar Douglass kafin a girmama shi, kuma tsoronsu yana da dalili.

Ni ga inda na tsaya. Gaskiya ne hoto ba ya hana harsashi. Shi ma ya san da haka, don baje kolin da ya yi a Berlin a 2024 sunan da ya sa masa Wish This Was Real, wato da ma a ce da gaske ne. Wanda ya sa wa aikinsa wannan suna bai ruɗi kansa ba. Amma ku yi tunanin mutanen da duk hotonsu da duniya ta sani na wahala ne. Wanda ke kallonsu daga nesa zai saba, har ya ɗauka wahalar ce halittarsu, in an ce an kashe ɗaya daga cikinsu ba zai girgiza ba. Yaron da ke cikinsu kuma zai tashi bai taɓa ganin mai kama da shi cikin kwanciyar hankali ba, to ta yaya zai nemi abin da bai taɓa gani ba? Hoton zanga-zanga yana nuna abin da ake ƙi. Ana kuma buƙatar wanda zai nuna abin da ake nema, kuma wannan ɓangaren Mitchell ya ɗauka.

Irin wannan aikin yana da magabata a nan Afirka ta Yamma. Malick Sidibé na ƙasar Mali ya shafe shekarun 1960 da 1970 yana bin matasan Bamako wuraren rawa da bakin kogin Neja yana ɗaukar su suna nishaɗi, a lokacin da ƙasar ta fito daga mulkin Faransa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin Venice. James Barnor na Gana ya buɗe shagon hotonsa a Accra a shekarun 1950 yana ɗaukar 'yan birni cikin ado.

Mu ma nan gida maganar ta shafe mu kai tsaye. Ku gwada rubuta Borno a wurin neman hotuna a intanet, ku ƙirga hoto nawa za ku wuce na sojoji da ƙonannun gidaje da sansanin 'yan gudun hijira kafin ku ga ɗan makaranta yana dariya. Abin da ya sa ke nan Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram a 2015, tana ɗaukar 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu kwalliyar Sallah da bukukuwa, a daidai lokacin da duniya ba ta san komai game da garin ba sai bam. Ba ta ce ba a yi rikici ba. Ta nuna cewa akwai mutane a wurin, kuma suna rayuwa. Tarihinmu da na baƙar fatar Amurka ba ɗaya ba ne, kada mu cakuɗa. Amma ciwon a ce wani ne yake zaɓar fuskar da duniya za ta san ka da ita, wannan mun san shi. Hausawa suka ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Saboda haka ga abin da zan bar ku da shi, musamman masu riƙe da waya mai kyamara, wato kusan dukkanmu. Yawancin abin da muke ɗauka mu watsa iri biyu ne: ko hatsari da gawa da almajiri a bakin titi, ko kuma hoton biki da aka tace fuska har mutum ya koma fari tas. Ku lura da wannan na biyun, katin Shirley ne ya dawo ta cikin waya, kuma wannan karon mu ne muke danna shi da hannunmu. Tsakanin waɗannan biyun akwai rayuwa mai yawa da ba mai ɗauka: tsoho yana gyangyaɗi a gindin darbejiya bayan azahar, 'yan mata suna yi wa juna kitso a tsakar gida, samari a teburin mai shayi, yara suna wasan langa da yamma. Ku nemi izinin mutum kafin ku ɗauka, ku jira rana ta yi sanyi don hasken ya yi laushi, ku bar fatar da launinta. Nan da shekara 50 jikokinmu za su nemi sanin yadda muka rayu, kuma abin da muka ɗauka shi za su samu.

Wanda ya samu dama ya nemi hotunan Tyler Mitchell ya kalla da idonsa, gani ya kori ji. A nan za mu dakata. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa, ku huta lafiya.